Adadin 44,000: Sifofinsa da Matsayinsa a Tarihin Ƙasar Yawuri

Gabatarwa

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala ta a 1968. Da tafkin ya cika, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwan bakin Kwara, har da tsohon garin Bussa. Rubuce-rubucen tarihi sun nuna an tayar da kimanin mutum 44,000, cikinsu akwai Gungawa da Kambari da Lopawa. Na zaɓi wannan adadi ne domin malaman Warra da Ngaski da Shanga su koyar da lissafi da lambar da ta shafi kakannin ɗalibansu.

Sifofin Adadin

Da farko, 44,000 cika ce, ba mara ba. Idan aka yi ta raba ta har ƙarshe, za a tarar da 2 sau biyar, da 5 sau uku, da 11 sau ɗaya, wato 32 × 125 × 11. Waɗannan su ne tushenta, domin kowace daga cikin 2 da 5 da 11 ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Ba ta rabuwa gida uku ko tara, saboda jimlar alƙalumanta 8 ce.

Lambobi 48 ne ke raba ta ba saura. Hanyar ganewa ita ce a ƙara ɗaya a kan biyar da uku da ɗaya ɗin nan, a sami 6 da 4 da 2, sannan a ninka su.

Malaman hisabi sun kasa adadi kashi uku: naƙisi da tammi da za'idi. Ana tara dukkan lambobin da ke raba adadi, ban da shi kansa. In jimlar ta gaza masa, naƙisi ne. In ta yi daidai da shi, kamar 6 ko 28, tammi ne. In ta zarce, za'idi ne. A nan jimlar ta kai 73,936, don haka 44,000 za'idi ce.

A ƙidayar wuri ta dā kuwa, keso ɗaya wuri 20,000 ne. Dattijon wancan zamani zai kira adadin nan keso biyu da zambar huɗu.

Kammalawa

Sifili ukun da ke ƙarshen lambar alama ce ta ƙiyasi, ba ƙidayar kai da kai ba. An ruwaito cewa matsugunai 239 aka haɗe suka koma 141. Idan aka raba, kowane tsohon matsuguni zai tashi da kimanin mutum 184, sabo kuwa kimanin 312. Ke nan ƙauyukan da ke zaman kansu a dā sun koma cin kasuwa ɗaya da neman gona a fili ɗaya. Ina roƙon malamai su sa ɗalibai su yi wannan rabon da hannunsu, sannan su je su tambayi dattawan gidansu sunan tsibiri ko ƙauyen da aka taso su.