Abin Da Ke Sa Firinta Marar Waya Ta Riƙa Ɓacewa Daga Sadarwa

Firinta marar waya na'urar buga takardu ce wadda ba ta buƙatar a haɗa ta da kwamfuta da kebur. Saƙon da za a buga yana tafiya ne a cikin igiyoyin rediyo, irin waɗanda masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz, ya tabbatar da samuwarsu a 1887. Tsarin da ake bi shi ne Wi-Fi, wanda ƙa'idarsa ta farko, wato 802.11, ta fito a 1997. Sai dai wannan na'ura tana da wani hali mai ɓata rai: jiya ta yi aiki lafiya lau, yau kuma kwamfuta ta ce ba ta ganinta, alhali fitilarta na kunne. A makarantar da ke gaggawar buga tambayoyin jarrabawa, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Galibi kuwa firintar ba lalacewa ta yi ba, hanyar isa gare ta ce ta katse.

Sauyin Adireshi

A yawancin ofisoshi, kwamfuta ba ta magana da firinta kai tsaye. Akwai ɗan aike a tsakaninsu, wato na'urar rarraba sadarwa da ake kira rauta. Ita ce ke ba kowace na'ura adireshi na lambobi, kamar 192.168.1.20. Amma adireshin nan aro ne na wani ƙayyadadden lokaci, sau da yawa awa 24. Idan aka ɗauke wuta, ko aka kashe firintar na kwanaki, rauta tana iya ba wayar wani malami adireshin, ta ba firintar sabo. Kwamfuta kuwa ta ci gaba da aika saƙo tsohon gida, bayan mai gidan ya tashi. Maganin wannan shi ne a shiga saitin rauta a keɓe wa firintar adireshi ɗaya na dindindin, sannan a cire ta daga kwamfuta a sake saka ta da wannan adireshi.

Zango Biyu, Suna Ɗaya

Rauta ta zamani tana watsa saƙo a kan zango biyu aƙalla: gigahaz 2.4 da gigahaz 5. Gigahaz ɗaya yana nufin igiyar na kaɗawa sau biliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Zangon 5 ya fi sauri, amma na 2.4 ya fi nisa da iya ratsa bango. Firintoci da dama zangon 2.4 kaɗai suka sani, kuma wasunsu kan ruɗe idan rauta ta haɗe zangunan biyu da suna ɗaya. Raba su, kowane da sunansa, tare da ɗora firintar a kan 2.4, yakan kawo ƙarshen matsalar.

Cunkoso Da Shinge

Zangon 2.4 kasuwa ce mai cike da hayaniya. Na'urorin Bluetooth a nan suke, rautar maƙwabta ma a nan take, kuma na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki a kan gigahaz 2.45. An raba zangon zuwa tashoshi, amma suna hawa kan juna. Tashoshi na 1 da 6 da 11 su ne ba sa shiga hurumin juna. Saboda haka yana da kyau a tsayar da rauta a kan ɗaya daga cikinsu, wadda maƙwabta ba su cika ba. Haka nan bangon kankare yana raunana igiyoyin, ƙarfe kuma yana mayar da su baya. Firintar da aka ajiye a bayan kabad na ƙarfe tamkar an toshe mata kunne ne. A ɗora rauta a wuri mai tudu, a fili, kusa da firintar.

Barci Da Tsaro

Don tsimin wuta, firinta takan yi barci idan ta daɗe ba a taɓa ta ba, wasu kuma sukan saki sadarwa su kasa kamawa idan sun farka. Ana iya tsawaita lokacin barcin a saitinta, a kuma sabunta manhajar da ke cikinta daga kamfanin da ya ƙera ta. Wani abin lura shi ne tsarin tsaro na WPA3 da ya fito a 2018. Tsofaffin firintoci WPA2 suka sani, don haka dole rauta ta amince da shi kafin su shiga.

Bin Diddigin Matsala

Mai gyara na ƙwarai yakan bi hanyar da ɗalibi ke bi a ɗakin gwaje-gwaje. Da farko ya sa firintar ta buga takardar bayanin sadarwarta. Idan adireshin da ke jiki ya fara da 169.254, to rauta ba ta ba ta adireshi ba ke nan, sai a duba nisa, da zango, da kalmar sirri. Idan kuwa adireshin daidai ne amma ya sha bamban da wanda kwamfuta ta riƙe, to sauyin adireshi ne. Daga nan sai ya canza abu ɗaya tak, ya rubuta, ya jira kwana biyu ko uku ya ga sakamako. Wanda ya canza abu biyar a lokaci guda, ko ya dace ba zai san wanne ne maganin ba.

Idan duk wannan ya faskara, kuma firintar tana da kafar kebur na Ethernet, sai a haɗa ta da rauta kai tsaye. Wannan kebur yana kai saƙo har tsawon mita 100, kuma kwamfutoci da wayoyin malamai za su ci gaba da aiko da takardunsu ta iska kamar da.