Kama da wane ba wane ba ne: cututtukan ƙashi da ke shigar burtun kansa a hoton asibiti

A yawancin gidajen Bauchi da ke da ɗa ko ƙane yana aikin gwamnatin tarayya a Abuja, shi ne wanda ake fara kira idan an fito daga ɗakin ɗaukar hoto na asibiti. Akan ɗaga fim ɗin sama wajen hasken taga, a ɗauke shi da waya, a tura masa ta WhatsApp tare da takardar sakamako, wadda wani layi a cikinta ke cewa ana zargin ƙari a ƙashi. Daga nan shawara ta koma hannunsa: a taho da yaron Abuja ne, a nufi Kano, a sayar da fili, ko a koma wajen mai ɗori. Wanda aka ɗora wa irin wannan nauyi ya kamata ya san cewa hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin akwai cututtukan ƙashi da na tsoka masu yawa da ke fitowa a hoto da kamannin kansa alhali ba ita ba ce. Da dama daga cikinsu kuwa cututtukan yankinmu ne.

Dalilin ruɗanin yana cikin halittar ƙashi. Hanyoyin da ƙashi ke mayar da martani idan wani abu ya taɓa shi kaɗan ne: ko ya zaizaye, ko ya yi kauri, ko fatar da ta lulluɓe shi ta ɗaga ta shimfiɗa sabon ƙashi falle-falle kamar ɓawon albasa. Ko mugunya ce ta jawo, ko tsagewa, ko yankewar jini, ko kansa, amsar da ƙashi zai bayar ɗaya ce daga cikin waɗannan. Eksire kuwa inuwar amsar yake nunawa. Na'urar MRI ta fi shi gani nesa ba kusa ba, amma wannan kaifin ido nata shi ne wani lokaci ke ƙara tsoro, saboda tana haska duk wani kumburin da ke kewaye da ciwo har ya zama kamar abin ya mamaye rabin cinya.

Babban mai shigar burtu a Arewa shi ne ruɓar ƙashi, wato ƙwayar cuta ta bi jini ta zauna a cikin ɓargo. Yaro yakan zo da zazzaɓi da kumburi da zafi a ƙwauri ko cinya, hoto ya nuna ƙashi ya rarake kamar asu ya ci tufa. Haka kansar ƙashi da ake kira Ewing ke fitowa, har da zazzaɓin. Abin da ke ɗan sanyaya rai shi ne wannan kansa ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata idan aka kwatanta da Turawa, amma rashin yawa ba rashin samuwa ba ne. Akwai kuma nau'in ruɓar da ke lafawa ya zama ƙaramin kogon mugunya a cikin ƙashi, wanda likitan tiyata na Landan, Benjamin Brodie, ya bayyana tun 1832. Yakan yi watanni yana ciwo cikin dare ba tare da zazzaɓi ba.

Sikila ta ƙara cakuɗa lamarin. Ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita a Najeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. Idan jini ya toshe a cikin ɓargo, wani yanki na ƙashin yakan mutu, ya bar tabo mai siffar hayaƙi a hoto, wanda ke kama da ƙarin guringuntsi. Masu sikila kuma sun fi kowa kamuwa da ruɓar ƙashi, sau da yawa daga ƙwayar Salmonella, dangin mai jawo taifot. Saboda haka kalma guda da uwa za ta faɗa a bakin ƙofa, cewa yaron sikila ne, na iya sauya yadda likitan hoto zai karanta fim ɗin gaba ɗaya. Abin takaici, takardar neman hoto takan isa gare shi ɗauke da kalmomi biyu ko uku kacal.

Sai tarin fuka, wanda jama'a suka ɗauka a huhu kawai yake zama. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da shi a duniya, kuma idan ya fita daga huhu ya shiga ƙashi, gadon baya ne masaukin da ya fi so. Yakan cinye ƙasusuwa biyu maƙwabta har su rufta, doro ya fito, wani lokaci ƙafafu su shanye. Percivall Pott ya rubuta bayaninsa a 1779, har yau da sunansa ake kiran cutar. A dattijo mai shekara 60, wannan hoton na iya zama kansar mafitsara ko ta mama ce ta yaɗu zuwa baya. Likitoci kan duba faifan da ke tsakanin ƙasusuwan: ƙwayar cuta takan kai gare shi, kansa kuwa galibi takan tsallake shi. Bambancin makoma a nan babba ne ƙwarai, domin tarin fukan ƙashi yana warkewa da magani na tsawon watanni, kuma maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Wanda ya fi dukansu iya yaudara shi ne ƙashin da ke tsirowa a cikin tsoka bayan bugu. Matashi ya sha ƙafa a cinya wajen ƙwallo a filin unguwa, ko ya faɗo daga babur a hanyar Yelwa, jini ya kwanta, bayan mako biyu ko uku wani dunƙule mai tauri da zafi ya bayyana, yana girma da sauri. A wannan matakin komai nasa na kansa ne. Har idan aka tsinko ɗan yanki daga tsakiyarsa aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna iya kama da na kansar ƙashi. Abin da ke tona asirinsa shi ne lokaci: zuwa mako shida ko takwas sai ya yi ɓawon ƙashi daga gefe kamar ƙwai, tsakiyar tana nan da laushi, alhali kansa daga tsakiya take fara tauri. A nan maimaita hoto bayan 'yan makonni ya fi wuƙa amfani. Murza wurin da ƙarfi kuwa, kamar yadda wasu masu ɗori ke yi, ƙara tunzura shi yake yi.

Garin da ke da barikin Shadawanka da makarantar tankokin yaƙi ta sojan ƙasa, ga kuma sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Wailo, ba zai rasa masu tsagewar gajiya ba. Wannan siririyar tsaga ce da gudu da fareti ke haifarwa a ƙwauri ko tafin ƙafar wanda bai saba ba. Da farko ba a ganin ta a eksire. Sabon ƙashin da ke ɗinke ta ake gani, shi kuma yana iya firgita mai karatu. Manomi da makiyayi su ma suna da nasu: cutar da ke shiga ta sukar ƙaya ta kumbura ƙafa a hankali tsawon shekaru, tana fitar da ƙananan tsaba ta ƙofofin gyambo, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan jeri a matsayin izinin kwantar da hankali. Shigar burtun ta kowane ɓangare take. Kansar ƙashi ta gaskiya tana kama matasa tsakanin shekara 10 zuwa 25, galibi kusa da gwiwa, kuma kusan kullum iyali kan danganta ta da wata faɗuwa da aka yi. Watannin da ake ɓatawa ana ɗaure ta da karare a matsayin targaɗe su ne ke raba yaro da ƙafarsa, wani lokaci da ransa. Ciwon da ke tayar da yaro daga barci, kumburin da ke ƙaruwa mako bayan mako, rama, ko ƙashin da ya karye ba tare da wani bugu na kirki ba, duk ba abubuwan jira ba ne.

Inda iyalai masu hali suka fi yin kuskure shi ne gaggawar cewa a yanka a gani. Tsinko yanki don gwaji aiki ne mai ƙa'ida, domin duk hanyar da allura ko wuƙa ta bi ana ɗaukar ta a matsayin gurɓatacciya, kuma dole a cire ta tare da ƙarin idan ya tabbata kansa ce. A 1982 Henry Mankin na Boston da abokan aikinsa sun bibiyi marasa lafiya 329, suka gano cewa kashi 4.5 cikin 100 sun rasa gaɓa ba tare da larura ba saboda matsalar da ta biyo bayan wannan gwaji, kuma kurakuran sun ninka idan an yi shi a asibitin da ba shi zai yi babbar tiyatar ba. Da suka maimaita binciken a 1996, lamarin bai sauya sosai ba. A Amurka ke nan. Shi ya sa ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce likitan ƙashi da likitan hoto da likitan gwajin tsoka su haɗa abin da kowa ya gani kafin a ambaci sunan cuta.

A cikin garin Bauchi, wurin da ya tara waɗannan sassa uku shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon asibitin ƙwararru na jiha da gwamnatin tarayya ta karɓa a 2010. Idan an buƙaci ra'ayi na biyu, Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano na nan a nisan kimanin kilomita 300, kuma ya fi Abuja kusa. Ma'aikacin da ke shirin biya ya tuna cewa inshorar lafiyarsa ta tarayya ta rufe shi ne da abokin aurensa da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ɗan yaya ko ƙane ba sa ciki, kuɗin MRI ɗinsu daga aljihu zai fito. Kafin a kashe shi, a tambayi likita ko sakamakon zai sauya abin da za a yi, domin a ciwon ƙashi eksire mai kyau ta fuska biyu ne matakin farko, tare da gwajin jini da na sikila.

Ranar tafiya kuma a ɗauki fim ɗin kansa ko faifan da aka sa hotunan, ba hoton waya ba, wanda ke ɓatar da siraran layukan da ake nema. A haɗa da duk wani tsohon hoton wurin da ke ajiye a akwati, ko da na shekara uku ne, domin inuwar da ba ta sauya girma ba a tsawon wannan lokaci ta riga ta amsa rabin tambayar.