YADDA AKE ZAƁEN KAYAN HAƊA KWAMFUTAR WASA DA KUƊI KAƊAN

Bayani ga Hakimai da Malamansu

1. Dalilin wannan takarda

An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu, musamman na Tudun Wadan Zariya da kewaye, don su san abin da za su gaya wa jama'a game da wani ciniki da ya shigo, watau sayen kayan kwamfuta ɗaiɗai a haɗa su domin wasa. Mutanen Tudun Wada ba baƙin na'ura ba ne, gama a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Amma injin ɗab'i na kamfani ne, wannan kuwa kuɗin talaka ne ke shiga cikinta. Wani uba zai sayar da hatsi ya saya wa ɗansa, waɗansu samari kuma za su yi adashi su buɗe shagon wasa. In na'urar ta ƙone, gardama takan tashi tsakanin mai saye da mai sayarwa, daga zauren Mai Unguwa ta kai ga Dagaci, har ta iso gaban Hakimi. Yawancin irin wannan hasara ana iya tsare ta tun ranar ciniki.

Ba a sa farashi a nan ba, domin kayan nan duka daga waje ake kawo su, kuɗinsu kuwa yana bin dala, balle tun da aka saki darajar naira a Yuni 2023.

2. A fara da sanin bukata

Kafin a fitar da ko kwabo, sai a tambayi yaro wane wasa zai yi. Wasan ƙwallon ƙafa irin eFootball ba ya bukatar na'ura mai ƙarfi kamar manyan wasannin yaƙi sababbin fitowa. Wanda ya san bukatarsa ba zai biya kuɗin ƙarfin da ba zai mora ba. Har wa yau a tuna, na'urar da ta iya wasa ta iya zanen gini, da haɗa bidiyo, da aikin makaranta. Saboda haka in an zaɓa da hankali, ɗalibin Kongo ko na Samaru zai ci amfaninta a karatunsa.

3. Kayan da ake haɗawa

Na ɗaya, furosesa, ita ce ƙwaƙwalwar na'ura. Kamfani biyu ne ke yin ta, Intel da AMD. Na biyu, madabod, watau babban allon da ake dasa sauran kaya a kansa. Na uku, ram, shi ne kamar faifan da ake baza aiki a kai sa'ad da ake yinsa. Na huɗu, ma'ajiya, ita ce rumbun da wasanni ke zaune. Na biyar, katin hoto, shi ke zana abin da ido ke gani, kuma a wajen wasa shi ne mai aiki mafi nauyi. Na shida, akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa kowa gwargwadon bukatarsa. Na bakwai, gidan na'urar da fankokinsa.

4. Tilas kaya su dace da juna

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kowace furosesa tana da irin mazauninta a kan madabod. Ta AMD ba ta zama a allon Intel, ta Intel ba ta zama a na AMD. Ryzen 5 5600 tana bukatar mazaunin da ake kira AM4, Core i3-12100 kuwa sai LGA1700. Haka kuma ram iri biyu ne a kasuwa, DDR4 da DDR5, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, wanda ya danna da ƙarfi sai ya karya. Mai kuɗi kaɗan ya tsaya ga DDR4. Giga 16 ya isa, amma a saye shi sanda biyu masu giga 8, gama sanda biyu sun fi ɗaya sauri ko da jimlarsu ɗaya ce.

A lura da harafin da ke ƙarshen sunan furosesa. Ta Intel in tana da F, kamar i3-12100F, ba ta nuna hoto sai an sa mata kati. Ta AMD mai G, kamar Ryzen 5 5600G wadda ta fito a 2021, tana da abin zana hoto a cikinta, tana ɗaukar ƙananan wasanni ba tare da kati ba. Wannan hanya ce mai kyau ga wanda kuɗinsa bai cika ba: ya fara da ita bana, baɗi ya ƙara kati.

Kada sunan i7 ya ruɗi kowa. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye, ita ke nuna zamanin furosesa. i7-3770 ta zamani na 3 ce, ta 2012, i3-12100 kuwa ta zamani na 12 ce, ta 2022, ta kuma fi ta ƙarfi nesa. Ban da wannan, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa bisa ƙa'ida ba ta karɓar yawancin furosesar Intel da ba ta kai zamani na 8 ba.

5. Rabon kuɗi

Shawara ita ce a ba katin hoto kaso mafi girma, kamar sulusin kuɗin ko fiye kaɗan. Cikin katunan da suka dace da mai ƙaramin ƙarfi akwai GTX 1660 Super na 2019 mai giga 6, da RX 6600 na 2021 mai giga 8. A wajen ma'ajiya a sayi irin da ake kira SSD, ko da mai giga 500 ce, domin ta fi tsohuwar mai faifai sauri ƙwarai, ba ta kuma da abin da ke juyawa balle jijjiga ta ɓata shi.

Wurin da za a tsimi kuɗi shi ne ado. Fitilu masu launi da gida mai gilashi ba su ƙara wa na'ura sauri ko kaɗan. Wurin da ba a tsimi kuwa shi ne akwatin wuta. Shi ne abin da ba a gani, don haka shi ake fara rage wa kuɗi, alhali in ya lalace yakan tafi da madabod da kati gaba ɗaya. A nemi na sanannen kamfani, mai wat 500 zuwa 550, mai tambarin 80 Plus. A ɗaga shi a hannu, in ya cika rashin nauyi a yi shakkarsa, ko mene ne aka rubuta a jikinsa. Araha ba ta ado.

6. Wuta, da zafi, da ƙura

Yawancin shawarwarin da samari ke gani a intanet an yi su ne domin ƙasashe masu sanyi da tsayayyiyar wuta. Halin ƙasarmu dabam ne. Wuta takan ɗauke ba sallama, takan dawo da ƙarfi, wani lokaci kuma ta zo ƙasa da bolt 230 da aka ƙayyade. Saboda haka wajibi ne a sa kuɗin sitabilaiza da na UPS cikin lissafi tun farko. A sani lambar da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai 650 yakan ɗauki wajen wat 360 zuwa 390 kaɗai, don haka mai 1000 ya fi dacewa. Aikinsa shi ne ya riƙe na'ura a kashe ta a natse, ba a ci gaba da wasa ba. In za a tayar da janareta, a bari ya daidaita kafin a kunna na'ura.

Mai niyyar buɗe shago ya yi lissafin cin wuta. Na'ura irin wannan takan ci wajen wat 300 lokacin wasa, watau yunit 3 cikin awa 10. A Afrilu 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225 ga masu layin Band A. A kan wannan farashi, na'ura ɗaya za ta ci naira 675 a yini. RX 580 na 2017 yana da araha, amma yana cin wat 185, RX 6600 kuwa 132, ga shi ya fi shi ƙarfi. Rarar da aka samu ranar ciniki sai wuta ta cinye ta a hankali.

Game da zafin bazara, a zaɓi gida mai raga a gaba da fanka biyu ko uku, kada a matse shi jikin bango. Game da ƙurar hunturu, a ɗora na'ura bisa tebur, a rufe ta da ƙyalle in an kashe, a kuma hure ƙurarta sau ɗaya a wata.

7. Kayan hannu

Babu laifi a sayi na hannu, ko a PZ ta Sabon Gari, ko Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikko. Furosesa da ram ba su cika lalacewa ba. Katin hoto shi ke bukatar lura, domin da yawa sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin intanet, aka zubo su kasuwa bayan Satumba 2022 sa'ad da aka daina haƙar Ethereum da kati. Kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai kaya ya kunna, a yi wasa rabin awa, a duba da manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana kuwa nuna ainihin sunan kati da zafinsa. In hoto yana ɗigo-ɗigo, ko zafi ya wuce digiri 85, a bar shi. Akwatin wuta dai a sayi sabo.

8. Abin da ake bukata ga Hakimai da malamai

Ana roƙon Hakimai su sa Dagatai da Masu Unguwa su bayyana wa iyaye abin da ke cikin wannan takarda. In aka zo wa malami da irin wannan ciniki, ya rubuta cikakken sunan kowane kaya da lambar da ke jikinsa, da ko sabo ne ko na hannu, da kwanakin garanti, da wanda zai ɗauki hasara in wuta ce ta ƙona. Mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa tare da rasit. In na haɗin gwiwa ne, a rubuta abin da kowa ya zuba da yadda za a raba riba. Masu shagon wasa kuma a ja kunnensu kada su karɓi yara lokacin makaranta, su rufe lokacin salla, kada su yarda da caca a shagonsu.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu dace, amin.