Auna Amfanin Kamfani ga Jama'a

Ribar kamfani ba ta da wuyar aunawa, domin alƙalumanta suna gaban akanta. Abin da ke da wuya shi ne auna yadda kamfanin yake riƙe ma'aikatansa. A 1977 Faransa ta kafa doka wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni fitar da rahoto kowace shekara a kan albashi, da haɗurran wurin aiki, da horarwa, su kuma miƙa shi ga wakilan ma'aikata. Hikimar wannan tsari ita ce, wanda ake magana a kansa shi ne mai karatu, ya kuwa san inda aka yi ƙarya.

A wasu ƙasashe sai aka bar aikin ga masu bincike na haya, waɗanda galibi mai masana'antar ne ke biyansu. A watan Agusta na 2012 aka ba masana'antar ɗinki ta Ali Enterprises, a Karachi ta Pakistan, takardar shaida ta SA8000, wato an duba yanayin aikinta an gamsu. Ranar 11 ga Satumba gobara ta tashi a cikinta. Tagogi an gindaya musu ƙarafa, ƙofofin fita a kulle. Mutum fiye da 250 suka mutu.