Lemon Ƙara Kuzari: Kwasar Farko da Zubin da Ke Biyo Baya

Duk wanda ya taɓa shiga adashi ya san daɗin kwasar farko. Zubi ɗaya ka yi, uwar adashi ta ƙulle kuɗin mutum goma ta miƙa maka. Ranar sai ka riƙa jin kanka kamar wani attajiri. Amma zubi tara na nan suna jiranka, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Irin wannan cinikin ne lemon ƙara kuzari yake ƙullawa da jikin matashi, sai dai shi ba wanda ke gaya wa yaron cewa da sauran zubi.

Leƙa shagon tela ana saura kwana uku sallah. Ƙarfe biyun dare, yaron shago ɗan shekara goma sha biyar yana kan keke, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, robobin Fearless da Predator a zube a gindin ƙafarsa. Da ya fara gyangyaɗi sai maigida ya ce, "Kai, tashi ka karɓo mana mai sanyi, kayan mutane ne a gabanmu." Haka abin yake ga ɗalibin da jarrabawar JAMB ta ƙarato, da direban adaidaita sahu, da masu raba dare a gidan kallon ƙwallo.

Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Yawansa ne ke kawo hamma da nauyin ido, barci kuma shi ke share shi. Kafeyin ɗin da ke cikin lemon yakan je ya tare gurbin da adinosin yake zama, sai saƙon gajiya ya kasa isowa. Gajiyar tana nan tana ƙaruwa, an dai rufe wa uwar adashi ƙofa ne kawai. Jiki kuma yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin. Wanda ya sha bayan magariba, har sha biyun dare rabinsa na yawo a jininsa.

Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Idan bai samu ba, zai wayi gari jiki a mace, karatu ba ya shiga, abu kaɗan ya fusata shi. Maganin da ya sani kuwa shi ne wata robar. Ya shiga sabon adashi ke nan don ya biya tsoho. Ranar da bai sha ba, ciwon kai da kasala su sako shi gaba, ya ɗauka jikinsa ne ba ya aiki sai da lemon.

A adashi akan duba ƙarfin mutum kafin a bar shi ya shiga hannu biyu. A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce babba mai lafiya zai iya shan kafeyin har miligiram 400 a rana, yara da matasa kuwa miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu. Yaro mai kilo 45 iyakarsa miligiram 135. Ƙaramin gwangwanin Red Bull na da miligiram 80, babban gwangwanin Monster mai rabin lita kuwa kusan 160. Gwangwanin Monster ɗaya ya tsallake iyakar yaron, balle mai shan biyu ko uku a dare.

Zuciya ce ke fara biyan wannan rarar. Bugunta ya ƙaru, jini ya hau, hannu ya kama rawa, fargaba ta zo ba gaira ba dalili. Ga wanda ke da matsalar zuciya bai sani ba, bugun na iya rikicewa har a kwashe shi zuwa asibiti. Haɗarin ya fi yawa ga mai kwankwaɗarsa a maimakon ruwa kafin ya shiga fili a zafin bazara, da masu haɗa shi da tiramol ko barasa, domin lemon yana ɓoye musu yadda abin ya kama su. Ga kuma sukari: giram 27 a ƙaramin gwangwanin Red Bull ɗin nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son mutum ya tsaya a kusan giram 25 a yini. Haƙora su lalace, ƙiba da ciwon suga su samu hanya.

Wasu ƙasashe sun ga abin ya wuce nasiha. Lituwaniya ta hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, Latbiya ta bi sahu a 2016, Poland a 2024. Manyan kantunan Birtaniya sun daina sayar wa 'yan ƙasa da 16 tun 2018. A wajenmu, yaron firamare ma in ya miƙa kuɗi za a buɗe masa firji. Lambar NAFDAC da ke jikin roba shaida ce cewa an yi wa kayan rajista, ba ta mayar da shi abin shan yara.

Kafin doka ta zo, aikin na manya ne. Maigida tela ya karɓi ɗinkin da zai iya gamawa, ya sallami yaransa su kwanta. Mai shago ya iya cewa, "Wannan na manya ne, ɗauki wani." Iyaye su riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin robar da suka gani a ɗakin samari. Wanda ya riga ya saba ya rage a hankali, ya daina sha daga la'asar, ya yawaita ruwa. In kuwa ƙirji ya fara ciwo, ko numfashi ya yi wuya bayan an sha, a nufi asibiti, a kuma gaya wa likita ainihin roba nawa aka sha.