Wasan Gardawa a Ƙasar Gaya: Nishaɗi, Magani da Haɗari

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce ta duba wasan maciji, watau wasan gardawa, kamar yadda aka san shi a ƙasar Gaya da Ajingi da sauran garuruwan gabashin Jihar Kano. Wasa ne da magidanci kan tsaya kallo tare da 'ya'yansa ranar kasuwa ko lokacin bukin Salla, a yi dariya, a yi mamaki, a jefa wa mai wasa kuɗi, sa'an nan a watse. Amma iyalin da suka kalli wasan ba nishaɗi kaɗai suke komawa gida da shi ba. Sukan koma da wani ra'ayi game da maciji da maganin saransa, kuma wannan ra'ayi shi ne zai yi musu jagora ranar da tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu a gona. Saboda haka batun ya wuce na raha.

Gaya da Maciji a Tarihin Baka

Ƙasar Gaya tana da tsohuwar alaƙa da labarin maciji mafi shahara a ƙasar Hausa. Bisa ga tarihin baka, bayan da Bayajida ya baro Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas, sai ya biyo ta Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Da wannan wuƙa ce ya sare kan macijin nan mai suna Sarki, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Har ila yau, ana danganta kafuwar Kano da Abagayawa, maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama a dutsen Dala. Abin lura a labarin Daura shi ne yadda ya nuna maciji a matsayin abin tsoro mai iko da jama'a, wanda duk wanda ya rinjaye shi ya cancanci girma. A kan wannan tsohon tunani ne sana'ar gardi ta ginu.

Harshen kansa yana nuna wannan tsoro. Bahaushe ba ya cewa maciji ya ciji mutum, sai ya ce ya sare shi, kamar dai makami ne. Da dare kuwa mutane da yawa ba sa ambatar sunansa, sai su ce igiyar ƙasa. Sa'an nan ga karin maganar da ke cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Gardi da Tsarin Wasansa

Kalmar gardi tana da ma'ana biyu. A tsangaya, gardi shi ne almajirin da ya girma, ya wuce matsayin ƙolo da titibiri. A fagen wasannin gargajiya kuwa, gardi shi ne mai wasa da maciji, takwaran masu wasa da kura da 'yan tauri da 'yan hoto. Galibi sana'ar gado ce, ɗa yakan koya daga uba.

Wasan yana da matakai sanannu. Da farko makaɗi ya tara jama'a da kiɗa, a yi da'ira. Gardi ya shigo fili da layu da guraye, yana yi wa kansa da iyayen gidansa kirari. Ba ya gaggawar buɗe ƙwarya ko akwatin da macizan ke ciki, sai ya ja hankalin 'yan kallo da barkwanci har ɗoki ya kai matuƙa. Daga nan ya fito da su ɗaya bayan ɗaya: mesa a rataye a wuya, kumurci ya fasa kai, wani lokaci har da kasa. Mataki na ƙarshe shi ne tallar magani, kuma a nan ne ainihin cinikin yake. Wasan shaida ce da ake gabatar wa jama'a domin su yarda da maganin.

Irin wannan sana'a ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A dandalin Jami'ul Fana na birnin Marrakesh a Maroko ana yin ta, haka nan a Indiya, inda dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta mallakar macizai don wasa.

Abin da Ido ke Gani da Abin da ke Faruwa

'Yan kallo sukan ɗauka maciji rawa yake yi wa kiɗa. Alhali maciji ba shi da kunne na waje, abin da ya fi ji shi ne girgizar ƙasa ta ƙashin muƙamuƙinsa. Kumurcin da ya fasa kai kariyar kansa yake yi, yana bin motsin hannu ko gwiwar gardi da ido. Gwanintar gardi ta gaskiya ita ce sanin halin dabbar: iyakar tazarar da za ta iya kai sara, da lokacin da ta gaji. Mesa kuma ba ta da dafi ko kaɗan, matse abin da ta kama take yi.

Bugu da ƙari, masu wannan sana'a a ƙasashe da dama sukan cire haƙoran dafin maciji kafin wasa. Sai dai haƙoran sukan sake fitowa, domin haka halittarsa take. Macijin da ba ya cutarwa a wannan wata yana iya kisa a wata mai zuwa.

Me ya sa, to, ake samun masu shaidar cewa maganin gardi ya warkar da su? Dalili biyu ne. Macizai da yawa ba su da dafin da ke kisa, kuma ko mai dafin ba kullum yake zuba shi ba in ya yi sara. Wanda irin wannan ya sama zai tashi ko ya sha magani ko bai sha ba, kuma zai yi ta yaba maganin a kasuwa. Wanda dafi ya kashe kuwa ba ya dawowa ya ba da tasa shaidar.

Saran Maciji da Maganin Asibiti

Macijin da ya fi kashe mutane a arewacin Nijeriya shi ne kububuwa, wadda ba ta kai tsawon kamu biyu ba, kuma launinta ya saje da ƙasa. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da fitsari, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa, kwanaki bayan saran. Dafin kasa yana kumbura gaɓa ya ruɓar da nama. Akwai kuma jinsin kumurci mai feshin dafi a ido daga nesa. Manoma da makiyaya da yara masu zuwa itace su ne abin ya fi shafa, musamman lokacin shuka da lokacin girbi.

Makarin dafi na asibiti ya samo asali ne daga aikin Albert Calmette na Faransa a shekarun 1890: ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan kaɗan, sai a tace abin da jininsu ya samar na kariya. A shekarun 1970 David Warrell ya yi bincike mai zurfi kan saran kububuwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Daga irin wannan aiki aka samu gwaji mai sauƙi: a zuba jinin majinyaci a kwalba mai tsabta, in ya yi minti 20 bai daskare ba, to dafi ya shiga jiki. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano ya ci gaba da wannan fage, asibitin Kaltungo a Jihar Gombe kuma ya shahara wajen jinyar masu saran maciji. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya, kuma a 2019 ta ƙuduri rage mutuwa da naƙasa da rabi kafin 2030.

Abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kai shi ne kada a ɗaure gaɓar tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. In feshi ne a ido, a wanke da ruwa mai yawa. Kowace sa'a da aka ɓata ana jiran jiƙo ya yi aiki, dafi ne ke cin ribarta.

Kammalawa

Wasan gardawa ɓangare ne na adabin baka, yana ɗauke da kirari da kiɗa da salon sarrafa taro waɗanda suka cancanci ɗalibai su tattara su rubuta tun masu su suna raye. Sanin da gardawa suka yi wa macizai da maɓoyarsu shi ma abin amfani ne, kuma gardin da ya yarda ya riƙa tura wanda aka sara asibiti zai fi kowace sanarwa tasiri a ƙauye. Ma'aikatan ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi suna da hakkin tabbatar da cewa akwai makarin dafi a asibitin da ya fi kusa kafin damina ta faɗi. Magidancin da ya kai 'ya'yansa kallo kuwa, ya tsayar da su nesa da da'ira, kada ya bari a rataya musu maciji, kuma a hanyar komawa gida ya bayyana musu cewa abin da suka gani gwaninta ce ta shekaru wadda ba a kwaikwayonta a bayan gari.