Waƙoƙin saz: Yadda talakan Turkiyya ke kai ƙarar masu mulki

A ƙauyukan Anatoliya da ke Turkiyya, mawaƙin gargajiya da ake kira ashik yakan rungumi saz, wani molo mai dogon wuya, ya rera abin da talaka ke tsoron furtawa a gaban hukuma. A baitin ƙarshe yakan ambaci sunansa, tamkar mai sa hannu a takardar koke.

Jigon wannan tafarki shi ne Pir Sultan Abdal, mawaƙin al'ummar Alevi da ya rayu a ƙarni na 16 a ƙauyen Banaz, kusa da Sivas. Waƙoƙin da ake danganta masa suna kuka da alƙali mai cin haram da gwamna azzalumi. Gwamnan Daular Usmaniyya a Sivas, Hizir Pasha, shi ya sa aka rataye shi. Ruwayar baka kuma ta ce almajirinsa ne kafin muƙami ya juya masa kai.

Ƙarfin baitocin yana cikin harshen damo. Kalmar dost, wato aboki, kan nufi Allah, ko masoyi, ko abokin gwagwarmaya. Shah kan nufi Sayyidina Ali, ko sarkin Farisa, abokin gabar Usmaniyawa. Tsuntsun turna, dangin gauraka, ɗan aike ne mai kai saƙon wanda ke nesa da gida. Wannan kewa, da suke kira gurbet, ta ƙara nauyi bayan yarjejeniyar 1961 da ta kwashi ma'aikata zuwa Jamus.

A ƙarni na 20 jigon ya faɗaɗa zuwa yunwa, rashin gona da zaman kurkuku. Mahzuni Sherif ya sha gurfana a kotu kan waƙoƙinsa. Ruhi Su ya yi shekara biyar a ɗaure daga 1952, Selda Bagcan kuma an tsare ta bayan juyin mulkin 1980. Ranar 2 ga Yuli, 1993, wasu gungun mutane suka cinna wa otal ɗin Madimak wuta a Sivas yayin bikin tunawa da Pir Sultan. Mutum 35 suka mutu a ciki, har da mawaƙa Muhlis Akarsu da Hasret Gultekin.

Wanda ake ƙara a waƙoƙin sau da yawa shi ne jami'in da talaka ke gani ido da ido: alƙali, mai karɓar haraji, ɗan sanda. Hizir Pasha ya yi mulki ya wuce, amma yau ba a tuna shi sai ta bakin mutumin da ya rataye.